Tsohuwar Jita Da Sabuwa: Me Mai Saye Yake Saye?

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali, ko ya je Umra, ya kuma sami sukunin kewaya tsohon garin Jidda, watau unguwar da mutanen wurin suke kira Balad, ba zai rasa lura da tagogin katakon nan da suka leƙo titi daga jikin benaye ba, waɗanda ake ce wa rawashin. Waɗansunsu sun haura shekara ɗari, rana da iskar Bahar Maliya sun ci su har katakon ya yi fari. Waɗansu kuwa ba su daɗe da fitowa daga hannun kafinta ba, gama tun lokacin da hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2014 ake ta gyaran gidajen, inda katako ya ruɓe sai a sassaƙa wani irinsa a maye gurbinsa. Baƙo yakan tsaya ya tambayi kansa, shin wanne ya fi daraja, tsohon da ya ga jiya, ko kuwa sabon da zai jure wa gobe?

Irin wannan tambaya ce take fuskantar samarin Jidda a yau a wani fage dabam, watau fagen kayan kiɗa. Jidda dai ba baƙuwar kiɗa ba ce. A nan ne aka fara watsa shirye-shiryen rediyon Saudiyya a 1949, nan Muhammad Abdu ya tashi, nan kuma aka haifi Abadi al-Jauhar, gwanin kiɗan udu. Amma an yi shekaru da dama ba a cika yin taron kiɗa a bainar jama'a ba, sai a gidajen biki da ɗakunan ɗaukar sauti. A 2016 gwamnati ta kafa hukumar nishaɗi, a watan Janairu na 2017 Muhammad Abdu ya hau dandali a Jidda, sa'an nan a 2020 aka kafa hukumar kiɗa a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu. Malamai suna da maganganunsu game da kiɗa, can da nan gida, wannan kuwa ba shi ne batunmu ba yau. Batunmu shi ne, yaron da ya tara kuɗinsa zai sayi jitar bes, watau jitar lantarki mai tsirkiya huɗu da kakkaurar murya, sai ya tarar da iri biyu masu kama ɗaya kamar an tsaga kara. Ɗaya an ƙera ta a 1962, ɗaya kuma an ƙera ta bara a kan zubin ta 1962. Kuɗin ta farko yakan ninka na ta biyu sau biyar, sau goma, wani lokaci ma fiye. Don a gane abin da ya kawo wannan rata, tilas mu koma tarihi.

Kafin zuwan lantarki, aikin riƙe ƙasan kiɗa a ƙungiyoyin makaɗan Turai da Amurka yana hannun wani ƙaton goge ne da ake kafawa a tsaye, wanda tsawonsa ya kai na mutum. Matsayinsa kamar na babbar ganga ne a kiɗanmu, wadda take riƙe tushe yayin da kalangu yake magana. Illarsa biyu ce: ga wuyar ɗauka, ga shi kuma ƙahoni da ganguna suna danne muryarsa. Wani mutumin Seattle mai suna Paul Tutmarc ya ƙera ta lantarki tun wajen 1936, amma ba ta karɓu ba. Wanda ya ci nasara shi ne Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wanda aka haifa a 1909, wanda kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fito da wadda ya sa wa suna Precision Bass, kuɗinta bai kai dala 200 ba. Gangar jikinta katako ne zalla ba rami, an gitta ƙananan ƙarafa a wuyanta don yatsa ya san inda zai sauka, a ƙarƙashin tsirkiyoyin kuma akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririn zaren tagulla, wanda yake mai da rawar tsirkiya ta zama lantarki ya aika wa lasifika. Wannan na'ura za mu kira ta kunnen jita. A 1957 ya sake wa Precision fasali ya raba kunnenta biyu don rage ƙugi, a 1960 kuma ya fito da ƙanwarta, Jazz Bass, mai kunne biyu da siririn wuya.

Abin lura a nan shi ne, Fender bai yi nufin ƙera kayan ado ko na gado ba. Tunaninsa na mai gyara ne. Wuyan jitarsa da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, don in ya lalace a kwance a sa wani. Katakon da ya zaɓa shi ne wanda ake samu da sauƙi a Amurka. Fentin ma irin na motocin zamanin ne. A taƙaice kayan aiki ne na masana'anta, kamar keken ɗinki.

To, yaya aka yi kayan aiki ya zama tsohuwar ajiya? A watan Janairu na 1965 Fender, wanda rashin lafiya ya dame shi, ya sayar da kamfaninsa ga CBS, babban kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13. Sababbin masu gida suka faɗaɗa masana'anta suka ƙara yawan abin da ake fitarwa. Sannu a hankali abubuwa suka sauya. Wajen 1968 aka bar siririn fentin da aka saba da shi aka koma wani mai kauri kamar roba. Wayoyin ciki masu rigar zane suka koma masu rigar roba. A tsakiyar shekarun 1970 aka rage kusoshin wuyan Jazz Bass daga huɗu zuwa uku, katakon jiki ya ƙara nauyi, makaɗa kuma suka riƙa kukan cewa wuya ba ya zama daram a gurbinsa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai makaɗa suka shiga bin shagunan jingina da na gwanjo suna neman waɗanda aka ƙera kafin CBS. Da farko suna samunsu da araha, don a lokacin tsofaffin kaya ne kurum. Da dillalai suka farga sai farashi ya tashi, shekarar 1965 ta zama iyaka tsakanin abin da ake yabo da abin da ake kushewa. Ke nan tsohuwar ta fara tsada ne saboda sabuwar wancan lokaci ta gaza.

Waɗanda suka fara amfana da wannan giɓi mutanen Japan ne. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni irin su Tokai da Greco suka sayi tsofaffin jitocin Fender, suka warware su, suka auna kowane sashe, suka riƙa ƙera kwafinsu da kyau da araha. Kasuwar Fender ta fara zubewa. A 1981 CBS ta ɗauko sababbin shugabanni daga kamfanin Yamaha, cikinsu har da Bill Schultz da Dan Smith, su kuwa suka yanke shawara biyu. Ta farko, kamfanin ya kwaikwayi kansa, watau ya sake ƙera samfuran 1957 da 1962 yadda suke. Ta biyu, a haɗa gwiwa da Japanawan maimakon a yi ta faɗa da su. Abin mamaki, da aka tashi aikin sai da kamfanin ya je wurin dillalan tsofaffin jitoci ya sayo nasa na dā don ya auna su. A 1982 aka kafa Fender Japan, masana'antar FujiGen da ke Matsumoto, wadda a dā take ƙera Greco, ita ta karɓi aikin, a shekarar kuma aka fara sayar da jerin nan na sababbin ƙira a kan tsohon zubi, waɗanda za mu kira maimai, daga Fullerton da kuma daga Japan.

A 1985 CBS ta gaji ta sayar da kamfanin ga Schultz da abokansa a kan dala miliyan 12 da rabi, ba tare da ginin masana'antar ba, har aka yi wani lokaci galibin kayan Fender daga Japan suke zuwa kafin a kafa sabuwar masana'anta a garin Corona. A 1987 aka buɗe sashen ƙira ta musamman, a 1995 kuma wannan sashe ya fito da abin da ya ba mutane da yawa dariya da farko: sabuwar jita fil, amma an kankare fentinta, an sa wa ƙarafanta tsatsa, an dusashe wuyanta kamar hannu ya shekara talatin yana bin sa, kuma kuɗinta ya fi na mai sheƙi. Dariya ba ta hana ta kasuwa ba har yau. Wannan ya nuna cewa wani ɓangare na abin da mutane suke biya kamannin tsufa ne.

Yanzu bari mu auna su biyun da gaskiya. Akwai abubuwan da tsohuwa take da su waɗanda ba a musu. Katakonta ya shekara sittin yana bushewa, in wuyanta bai karkace ba a wannan tsawon lokaci da wuya ya karkace nan gaba. A zamanin Fender ma'aikata, galibinsu mata, su suke jan zaren tagulla da hannu yayin da inji yake juya kunnen, saboda haka yawan naɗin ya bambanta daga wannan zuwa wancan, ko wace jita da tata murya. Da hannu kuma ake goge wuya, shi ya sa wani ya fi wani daɗin riƙo. Allon da yatsu suke takawa a samfuran farkon shekarun 1960 na katakon rozwud ne na Birazil, wanda yarjejeniyar CITES mai kare itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992. Mu ma mun ga irin wannan a gida, gama madobiyarmu, wadda 'yan kasuwa suke kira rozwud na Afirka, ta shiga jerin wannan yarjejeniya a 2017 bayan an yi mata sara ba ji ba gani ana kaiwa Sin.

Amma fa bambancin nan da hannu yake kawowa kaifi biyu gare shi. In wata ta fito da murya mai daɗi, wata ta fito da maras daɗi, a rana ɗaya daga benci ɗaya. Shekarar ƙira ba ta ba da tabbacin komai. Maimai kuwa injuna masu kwamfuta suke yanka katakonta, awon wannan daidai da na waccan, wuya yana shiga gurbinsa ba tazara, ƙarafan wuya ba su ci ba, wayoyi ba su tsufa ba, kuma akwai takardar lamuni daga kamfani. Ga mai kiɗa a gidan biki dare bayan dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shin kunne yana iya rarrabewa? Gwajin da ya fi shahara a wannan fanni a kan gogen Turawa aka yi shi, watau biyolin, inda tsofaffin ƙirar Stradivari na Italiya suke kai miliyoyin daloli. Wata masaniyar sauti Bafaransa, Claudia Fritz, tare da wani maƙerin biyolin, Joseph Curtin, sun tara makaɗa 21 a Indianapolis a 2010, suka sa musu baƙin tabarau, suka ba su tsofaffi da sababbi a cakuɗe. A 2012 suka maimaita a Faris da manyan gwanaye 10. Shida daga cikin goman suka zaɓi sabuwa, kuma da aka ce su faɗi wacce ce tsohuwa, amsarsu ba ta fi ta mai cinta ba. In haka ta faru ga goge, wanda muryarsa daga katakon take fita kai tsaye, to ina ga jitar da muryarta sai ta bi ta maganaɗisu da waya da akwatin ƙara sauti kafin ta iso kunne? Irin tsirkiyar da aka ɗaura, da inda yatsa ya bugi tsirkiyar, da lasifikar da aka haɗa, kowannensu yana sauya sauti ƙwarai.

Tarihin mashahuran jitocin ma abin dubawa ne. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin faya-fayen Motown na birnin Detroit, da Precision ta 1962 ya yi aiki. Ba ya goge ta, da wuya ya sauya mata tsirkiya, wuyanta ya ɗan lanƙwashe har wasu makaɗa suna shan wahalar kaɗa ta. An sace ta gab da rasuwarsa a 1983, ba a sake ganinta ba. Jaco Pastorius shi kuma Jazz Bass ta 1962 gare shi, ya cire mata ƙarafan wuya, ya shafe allon da danƙon da ake shafa wa jiragen ruwa, daga baya ta farfashe aka harhaɗa ta. A ma'aunin dillali duka biyun sun lalace. A lokacin da Jamerson ya fara aiki da tasa kuwa, ba tsohuwa ba ce, haka ma galibin waɗanda aka ɗauki faya-fayen da muke yabo da su. Sautin nan da ake cewa na tsohuwar jita ne, sababbin jitoci ne suka yi shi.

Kasuwar gwanjo ta ƙara fito da abin fili. A watan Satumba na 2020 aka sayar da wata bes ta Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones a kan dala 384,000, watau riyal miliyan ɗaya da dubu 440. Ƙirar Fender ce ta 1969, daga tsakiyar zamanin CBS ɗin nan da ake kushewa. A Disamba na 2021 wata ta Paul McCartney ta zarce ta, ta kai kusan dala rabin miliyan, ita kuwa Yamaha ce ta Japan. Shi McCartney ɗin, wadda ya fara shahara da ita Höfner ce ta Jamus da ya saya a Hambug a 1961 a kan fam 30, don ita aljihunsa ya iya. An sace ta a Landan a 1972, sai a 2024 aka sanar da cewa ta koma hannunsa. A duk waɗannan, hannun da ya riƙe jitar aka saya. Daɗin daɗawa, iyakar da aka shata a 1965 ita ma ta matsa. Jitocin shekarun 1970 da aka guje wa yanzu ana nemansu, Marcus Miller ya yi suna da Jazz Bass ta 1977, har kamfanin ya yi maimai na samfurin 1975. Maimai na farko, na 1982, su ma sun haura shekara arba'in, dillalai suna kiransu tsohuwar ajiya.

Akwai kuma haɗari ga mai neman tsohuwa, wanda ya samo asali daga dabarar Fender ta ɗaure wuya da kusoshi. Abin da ya sauƙaƙa gyara shi ya sauƙaƙa algus. Ana iya ɗaukar wuyan 1962 a ɗaura wa jikin 1975, a sauya farantin da yake ɗauke da lamba, a sayar a matsayin ɗan asali. Masana sukan kwance wuya su duba kwanan watan da aka rubuta ko aka buga a gindinsa, su karanta lambobin da ke jikin maɓallan ƙara sauti, waɗanda suke nuna shekara da makon da aka yi su, su kuma duba ko an taɓa dalmar wayoyi. Sake fenti kaɗai, ko da ya fi na asali kyau, yakan zubar da kusan rabin kuɗin jita a wurin dillalai. Wanda kuma zai tsallaka iyaka da mai katakon Birazil yana bukatar takardun shaida, in ba haka ba jami'an kwastan suna iya riƙe ta.

Ga mazaunin Jidda akwai ƙarin abin tunani, watau yanayin garin. Iskar teku mai laima da gishiri tana cin ƙarfe, a cikin ɗaki kuma na'urar sanyaya wuri tana busar da iska. Jitar da take fita daga sanyin ɗaki zuwa zafin mota, ta koma sanyin zauren biki, katakonta yana kumbura yana tsukewa, tsohon siririn fentin nan kuwa tsattsagewa yake yi. Makaɗan udu na Hijaz sun san wannan tun tuni. Su ma suna da tasu tsohuwar ajiya, musamman ƙirar gidan Nahat na Dimashƙu, waɗanda suka yi suna tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma maƙeran yau suna kwaikwayon zubinsu. Udu kuwa katakonsa siriri ne ƙwarai, tsohonsa sai da lallaɓawa. A wannan tsohuwar unguwa ta Balad aka buɗe cibiya mai sunan marigayi Tariƙ Abdulhakim, wanda ya rasu a 2012, inda ake adana kayan tarihin kiɗan ƙasar. Irin wannan wuri shi ne gidan da ya dace da kayan da darajarsu ta tarihi ce.

Mu Hausawa, da 'yan uwanmu da suka zauna a Hijaz tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa, waɗanda zuriyarsu take amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi, muna da namu darasin. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, gwangwani ne da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake kiɗa a manyan dandalin Turai da Amurka, jitarsa ta farko shi ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Shi kansa Leo Fender bai waiwayi ƙirarsa ta dā da kewa ba. Bayan ya bar kamfaninsa ya shiga Music Man ya fito da StingRay a 1976, sa'an nan ya kafa G&L, yana ta sauye-sauye har rasuwarsa a 1991.

Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, ba mu kuwa musa ba. Mai kuɗin da yake son ya riƙe wani yanki na tarihin ƙarni na 20 a hannunsa, wanda ya san yadda ake tantancewa, yana kuma da wurin ajiya, bai yi asara ba in ya sayi ta 1962, gama ba za a ƙara yin wata ba, kuma an daɗe ana ganin kuɗin irinta yana hawa. Amma saurayin da yake son ya koyi kiɗa ya ci abinci da shi, a Jidda yake ko a Kano ko a Maraɗi, maimai mai kyau za ta yi masa duk aikin da yake bukata, ragowar kuɗin ya sayi akwatin sauti na kirki ya biya malami. In zai saya, ya roƙi mai kanti ya bar shi ya kaɗa guda uku ko huɗu bai dubi shekara ko farashi ba, ya ɗauki wadda ta zauna masa a hannu. In Allah ya ja zamaninsa ya shekara arba'in yana aiki da ita, dillalan wancan lokaci su ma tsohuwar ajiya za su kira ta.